Ƙarin gashin ido ya kumbura min ido, ga biki saura mako uku

Anti, assalamu alaikum. Ni budurwa ce 'yar shekara 24 a Kano, bikina saura mako uku. Sau biyu ana yi min ƙarin gashin ido irin wanda ake liƙawa sili-sili, ban taɓa jin komai ba. Ranar Alhamis aka yi min na uku saboda hotunan kafin biki. Ranar lafiya lau na kwana, Juma'a da dare na fara jin ƙaiƙayi, safiyar Asabar na tashi fatar idanuna duka biyu ta kumbura, da ƙyar nake buɗe su. Mai shagon ta ce apolo ne, in bar gashin zai sauka, tunda ba yau ta fara yi min ba. Na sayi maganin ɗigawa a kemis, ƙawata kuma ta ba ni wani mai ina shafawa. Ya ɗan sauka amma ƙaiƙayin yana nan. Yanzu ta ce na biki za ta sa min gam na masu laushin fata, kuma za ta fara gwada min shi a bayan kunne kwana biyu kafin ranar. Na riga na ba da kafin alƙalami, ƙawayena kuma duk za su saka. In gwajin bai nuna komai ba, zan iya sakawa?

Amarya, daga Kano

Wa alaikis salam, ƙanwata. Allah Ya ba ki lafiya, Ya nuna mana ranar.

Amsar tambayarki ita ce a'a. Ko gwajin bayan kunnen ya fito fes, kada ki yarda a sake liƙa miki wannan gashi, na biki ne ko na bayan biki. Na san ba abin da kike son ji ba ke nan, ga kuɗi kin biya, ga ƙawaye sun shirya. Amma gwajin da kike jira an riga an yi miki shi ranar Alhamis, a kan idonki, da cikakken gam, sakamakon kuma ya fito safiyar Asabar. Jiki magayi. Ba wani ɗigo a bayan kunne da zai soke abin da fatar idonki ta faɗa.

Kafin mu je ga batun biki akwai abin da ya fi shi gaggawa. Daga wasiƙarki na fahimci gashin yana nan a idonki har yanzu. Muddin yana nan, gam ɗin da jikinki yake faɗa da shi yana manne a gindin gashin idonki dare da rana, shi ya sa kumburin ya lafa amma ƙaiƙayin ya ƙi tafiya. A cire shi, yau ko gobe. Sai dai cirewar ma tana da ƙa'ida. Kada ki sa hannu ki tsige. Kowane sili na kanti a liƙe yake da sili naki, in kika fizge tare za su fito, gashin ido kuwa in ya tsige yakan ɗauki mako shida zuwa takwas ko fiye kafin ya dawo, ke kuma uku gare ki. Kada ki kusantar da ruwan goge farce ko kananzir ko wani abu mai narkar da gam kusa da idonki. Akwai man da aka yi musamman domin wannan aiki, mai kauri ne don kada ya gangara cikin ido. Ana shafa shi a gindin gashin alhali ido yana rufe, a jira 'yan mintuna, gashin ya sulɓe da kansa. Wadda ta iya ce za ta yi miki. In kuwa fatar ta tsage, ko tana tsattsafo da ruwa, ko kumburin ya haɗiye gindin gashin, to fara zuwa asibitin ido, su za su ce a cire yanzu ko a ɗan jira, domin man cirewar ma yana da zafi a fatar da ta riga ta ji jiki. A Kano ba ki rasa inda za ki ba: ga asibitin ido na ECWA, ga sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga na Murtala.

Ko an cire gashin lafiya, ina so ki ga likitan ido, kuma ki tafi da kwalbar maganin ɗigawar nan da man da ƙawarki ta ba ki. Ajiye su duka biyun har sai ya duba. Wannan shi ne abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki. Da yawa daga cikin magungunan ɗigawa da ke sauke ja da kumburi cikin dare ɗaya suna ɗauke da sitiroyid, wani sinadari mai ƙarfi na danne kumburi. Sitiroyid magani ne na gaske, likita ma zai iya rubuta miki mai sauƙinsa na 'yan kwanaki, amma bayan ya haska idon ya tabbatar babu rauni a ƙwayar. In akwai rauni ko ƙwayar cuta a gaban ido aka ɗiga sitiroyid, cutar ce take samun hanya, mutum yana jin sauƙi ido yana lalacewa. In aka daɗe ana ɗigawa kuma yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido. Man shafawar ma haka. Fatar ido ita ce mafi siranta a duk jikin ɗan Adam, mayukan nan masu haɗi biyu ko uku da ake miƙa wa juna don ƙuraje ko hasken fata kuwa yawancinsu sitiroyid mai ƙarfi ne a ciki, wanda ba a yi shi don gefen ido ba. Haka nan duk wadda ta ce ki ɗiga ruwan sukari, ko nonon uwa, ko ruwan albasa, ki yi mata godiya ki wuce.

Abin da za ki iya yi a gida kaɗan ne, amma yana aiki. Tsabtataccen ƙyalle a ruwan sanyi, ki matse, ki ɗora a kan ido a rufe na minti goma, sau uku ko huɗu a rana. Ki daina sa komai a idon, ba kwalli, ba hoda, ba gazal. Ki riƙe hannunki, domin sosawa ita ke ƙara kumburin, ita ke barin baƙi a fatar bayan an warke. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi irin su loratadin ko setirizin tana rage sosa, sai dai ba ta kashe irin wannan borin daga tushe. Da an raba fatar da gam ɗin, yawanci kumburin yana sauka cikin 'yan kwanaki, fatar ta bushe ta yi saɓa, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta koma daidai. Kin ga ke nan lokaci bai ƙure miki ba, in dai kin motsa yanzu.

Akwai alamomin da ba a jira da su sai gari ya waye. In kin ji ciwo a cikin ƙwayar idon kanta, ko ganinki ya yi hazo, ko haske yana sukar ki, ko kwantsa mai kauri kamar mugunya tana fita, ko ido ɗaya ya yi zafi ya yi ja ya kumbura fiye da ɗan'uwansa tare da zazzaɓi, tashi ki tafi asibiti a lokacin. In leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, wannan na ɗakin gaggawa ne ko da tsakar dare.

Yanzu ga batun apolo. Apolo farin ido yake kamawa, ya yi jawur, ya yi ta hawaye, ki ji kamar an zuba miki yashi, sau da yawa ya fara da ido ɗaya ya tsallaka ɗayan, ya bi 'yan gida. Ke abin da kika bayyana fatar ido ce, duka biyu lokaci guda, da ƙaiƙayi, kwana ɗaya da rabi bayan an sa miki gam a daidai wurin. Likita ne zai yanke hukunci bayan ya duba, amma wannan siffa ta borin fata ce wanda ke zuwa a makare, irin wanda ake ce wa aleji. Al'adarsa ke nan: ranar farko shiru, sai tsakanin awa 24 zuwa 72 ya bayyana.

Bari in nuna miki abin da ke faruwa lokacin da kike kwance ido a rufe. Mai aikin ta manne gashin ƙasa da filasta, ta ɗiga baƙin gam ɗigo ɗaya a kan ɗan faranti. Da ɗan hantsaki a hannu ɗaya take ware sili guda daga cikin naki, da ɗaya hannun ta ɗauko na kanti, ta tsoma gindinsa a gam, ta ɗora shi a kan naki, nesa da fata da abin da bai wuce milimita ɗaya ba. Fatar sama tana da sili tsakanin 90 da 160, haka za ta bi yawancinsu, ido biyu, awa biyu ko fiye. Wannan gam kuwa sinadarin da ke riƙe da shi sunansa sayano'akirilet, ɗan gida ɗaya da Super Glue da ake liƙa takalmi da shi.  Ba iska ce ke busar da shi ba, danshin da ke cikin iskar ne. Kafin ya gama daskarewa yana fitar da tururi, tururin kuma danshi yake bi, ga hawaye da fatar ido a kusa. Ko da mai aikin ta ƙware har gam bai taɓa fatarki ko sau ɗaya ba, tururin ya taɓa. Ban da shi akwai baƙin launi da ake zuba wa gam ɗin, akwai kuma ɗan fomaldihaid da wasu gamagaman ke saki, shi ma yana cikin sinadaran da suka yi suna wajen tayar da borin fata.

Hujjar mai shagon ita ce ba yau ta fara yi miki ba. Ita a ganinta wannan ya wanke gam ɗin, alhali shi ne ya fi komai nuna shi da yatsa. Irin wannan bori ba ya zuwa a haɗuwar farko. Sai garkuwar jiki ta ga sinadarin sau ɗaya, sau biyu, wata ma sau ashirin, sannan wata rana ta ɗauke shi a matsayin maƙiyi. Kamar maigadi ne da ya daɗe yana barin wani baƙo yana wucewa, ranar da ya yanke cewa ɓarawo ne ya riƙe fuskarsa, daga nan ko da wace riga ya zo sai ya tare shi. Garkuwar jiki ba ta mantuwa a kan wannan. Wadda ta kamu yawanci ta kamu ke nan har abada, kuma karo na gaba ya fi zuwa da wuri, ya fi tsanani. Wannan ya bambanta da jan ido da raɗaɗin da wasu ke ji a ranar da aka yi musu, saboda tururi ya shiga ido ko filasta ta goge shi. Wancan haushin fata ne kawai, yana zuwa nan take, ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Naki ya jira, ya zo da ƙaiƙayi da kumburi, ya zauna.

Ba ke kaɗai ba ce, ba kuma abin nan gida ba ne kawai. A Japan, inda wannan kwalliya ta daɗe da karɓuwa, likitocin ido sun wallafa bincike a 2012 a kan mata 107 da suka zo asibiti bayan ƙarin gashin ido. A cikinsu 64 kumburi ne ya kama farin ido da gaban ƙwayar, 42 kuma borin fatar ido ne irin wanda nake zargin kina da shi. Da suka auna gamagaman sai suka sami fomaldihaid a ciki. Tun 2008 hukumar lafiyar ƙasar ta ce ba mai yin wannan aiki sai mai lasisin gyaran jiki, duk da haka matan suna zuwa asibiti. Ki auna da nan, inda yarinya za ta koyi aikin a waya cikin mako guda ta buɗe shago.

To, gwajin bayan kunne fa? Niyyar mai shagon mai kyau ce, na yarda, amma gwajin ba zai amsa tambayarki ba. Fatar bayan kunne ta fi ta ido kauri. Ɗigon da za ta sa zai daskare cikin daƙiƙu, tururinsa ya bi iska, ba zai zauna awa biyu yana turara fata mafi siranta a jikinki ba. Mata da yawa sun wuce wannan gwaji lafiya, aka cika musu ido, suka kumbura. In kuma ya nuna, to kin ƙara wa jikinki haɗuwa da abin da yake ƙi, kuma borin yana iya sake tashi a idon da ya fara warkewa. Wannan gam tun asali ba a yi shi don a shafa a fata ba. Ga kuma lissafin kwanaki: ta ce kwana biyu kafin ranar. Borin da kan ɗauki har kwana uku kafin ya fito, in an gwada Laraba aka saka Juma'a, ranar wuni ko ta kai amarya zai same ki. Ki tuna fuskar da kika gani a madubi safiyar Asabar, ki ɗora ta a ranar kamu.

Gam na masu laushin fata kuwa, karɓi kwalbar ki juya bayanta. Kusan duk gam ɗin da zai iya riƙe gashi na makonni sayano'akirilet ne a cikinsa, za ki ga kalmar da ta fara da "cyano" ko take ɗauke da ita a jerin kayan haɗin. An dai rage masa tururi, ko an canza nau'i, ko an cire baƙin launin. Yana taimakon mai jin yaji a ido lokacin aiki. Wadda garkuwarta ta riga ta riƙe fuskar sinadarin, kaɗan ma ya ishe ta.

Kada ki ɗauka ina cewa gwaji a shago aikin banza ne. Yana da masu shi. Wadda ba ta taɓa yi ba, ko ta daɗe ba ta yi ba, ko za a canza mata gam, ita ya kamata a gwada wa, kuma yadda masu sanin aikin suke yi shi ne a liƙa 'yan silla kaɗan a gefen kowane ido, da gam ɗin da filastar da za a yi ainihin aikin da su, a sallame ta ta je gida ta kwana biyu, uku ya fi. Duk shagon da ke yin haka ya cancanci yabo. Amma shi ma in ya fito lafiya ba takardar shaida ba ce, rage haɗari ne kawai. Wadda ta riga ta kumbura kuwa ta wuce layin masu gwaji. Mai sana'ar da ta san abin da take yi ita da kanta za ta ce miki ba za ta sake sa miki ba.

Gwajin da ya dace da ke na likitan fata ne, kuma bayan biki za a yi shi, sai fatar ta warke sarai, ba kya kan maganin sitiroyid na sha. Tsohuwar dabara ce, wani likita mai suna Josef Jadassohn ya fito da ita tun 1895. Ana zuba sinadarai daban-daban, kowanne an sirka shi daidai gwargwado, a cikin 'yan ƙananan faya-fayai, a manna su a jere a gadon baya, a zana lamba da alƙalami a gefen kowanne. Za ki yi awa 48 ba ki jiƙa bayan ba. A cire a duba, ki sake komawa bayan kwana ɗaya ko biyu a sake dubawa, domin wasu sai daga baya suke yin ja da ƙananan ƙuraje. A nan ake gane ko gam ɗin ne, ko fomaldihaid, ko filastar da aka manna miki a ƙasan ido. Ki nemi sashen fata na asibitin koyarwa, ki tafi da hoton bayan kwalbar gam ɗin. Ba don kwalliya kaɗai nake so ki yi ba. Akwai gam na asibiti da ake haɗe bakin rauni da shi maimakon ɗinki, har a wasu tiyatoci, shi ma daga wannan dangi yake. Ke da za ki shiga gidan aure, gobe haihuwa ce ko wani aiki, ya kamata duk likitan da zai taɓa ki ya san kin taɓa yin bori da gam ɗin gashin ido. Haka nan gam ɗin da ake liƙa farcen kanti da shi, sinadari ɗaya ne, ki bar shi.

Tunda amarya ce ke, akwai abu biyu da ba ki tambaya ba amma ba zan yi shiru a kansu ba. Na farko, in kin ce ba kya son mai sili-sili, wata za ta ce to a sa miki na yini ɗaya, ta ɗauko baƙin gam ɗin nan na liƙa gashin kai. Ana yin haka a shaguna da yawa saboda araha da riƙo. Wannan gam leteks ne a cikinsa, ruwan roba irin na safar hannun asibiti, ba a yi shi don ido ba, kuma borin leteks yana iya zuwa nan take har ya taɓa numfashi. Kada ki bari ya kusanci fuskarki. Na biyu, baƙin lalle. Jan lallenmu na gargajiya da wuya ya dami fata. Baƙin kuwa, wanda ke kamawa cikin mintuna, yawanci rinin gashi ne mai sinadarin PPD, kuma yana kan gaba cikin masu tayar da irin wannan bori mai zuwa a makare. Za ki ga zanen fulawar da aka yi wa amarya ya tashi ya yi ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo da siffar zanen. A Amurka, a shekarun 1930, wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure da aka haɗa da wannan sinadari ya makantar da mata, yana cikin abubuwan da suka sa aka yi dokar kula da kayan kwalliya ta 1938. Borin gam ba ya nufin dole za ki yi borin PPD, abu biyu ne daban. Amma fatar da ta tashi daga jinya ba ta bukatar sabon gwaji a makon biki. Ki yi jan lalle, kada kuma a rina miki gira ko gashin ido.

Game da mai shagon, kada ki je da faɗa. Borin da jikinki ya yi ba lallai laifinta ba ne, yana kama mace ko a hannun wadda ta fi kowa iya aiki. Inda ta kuskure shi ne da ta ce apolo ne, da ta ce ki bar gashin. Wannan magana ce ta wadda ba ta sani ba, ko take tsoron a ɓata mata suna. Ki same ta ita kaɗai, ki gaya mata likita ya hana, ki ce kuɗin da kika bayar a mai da shi kan kwalliyar fuska da ɗaurin kallabi, ko ta dawo miki da na gashin. Mai son ciniki ya ɗore ba za ta ƙi ba. In kin ga fuska, ki ƙara mata da wannan don amfanin 'yan baya: lokacin hunturu iskar Kano ba danshi, shago mai na'urar sanyaya ɗaki ma haka, gam yana daɗewa bai daskare ba, tururinsa ya fi yawa. Kwalbar da aka buɗe ta wuce wata guda ko mako shida ta tsufa. Auduga ba ta haɗuwa da ɗanyen gam ɗin nan, zafi suke yi har su ƙona fata. Ita kanta da take sunkuye a kansa kullum tana cikin haɗari, domin an sami masu wannan sana'a da suka kamu da asma da borin hannu ta dalilinsa. Ta buɗe taga, ta sa takunkumi. Ta kuma riƙa duba lambar NAFDAC a kayan da take saye.

Su kuma ƙawayenki, wadda duk za ta saka ta je a gwada mata tun yanzu, ba jajibirin biki ba. Ke ba ki da abin jin kunya a gabansu. Kin ce duk za su saka, to ai ke ce amarya, ba anko kike da su ba. Wasu ma za su ce kin huta da wata tambayar, domin malamai sun yi magana a kan ƙarin gashi da kuma abin da ke hana ruwa kaiwa ga gashi da fata a alwala da wanka. Wannan fagen nasu ne, mai son bayani ta tambaye su.

Ranar biki idonki ba zai zauna fayau ba. In fatar ta warke sarai, ba ja, ba saɓa, ba ƙaiƙayi, mai kwalliyar da ta iya hannunta za ta fito miki da ido da maskara da jan layi kawai. Ki sayi naki sababbi, kada a yi miki da wanda aka zagaya da shi idon mutane, ki gwada su a gida mako guda kafin ranar ki ga yadda fatar za ta karɓa. Tozalin dutse ki bar shi, dalma ce a cikinsa. Kada kuma a lallaɓe ki da cewa a lanƙwasa miki naki gashin da magani ya tashi sama, shi ma da gam da sinadari mai ƙarfi ake yi. Na yini ɗaya mai gam na daban, wanda ake cirewa da dare, ki bar maganarsa sai likitan fata ya gaya miki takamaiman abin da jikinki ya ƙi.

Ranar kwalliya ki sa wata yayarki ko ƙanwar mahaifiyarki ta zauna kusa da ke, wadda ba ta jin nauyin magana. Amarya tana zaune ido a rufe, ana hayaniya, ba ta sanin abin da aka ɗauko daga jaka. Ki gaya mata tun da wuri: duk kwalbar gam da ta gani a hannun mai kwalliya, ta ce a mayar.

Allah Ya sauwaƙe, Ya sanya albarka a auren. Ki rubuto min bayan kin ga likita.